Layin Masu Furfura

Laraba ce a Dukku, ranar awon jini.
Tun ban buɗe ƙofa ba benci ya cika.
Sanduna sun jingina da bango, su ma kamar layi suke bi,
takalma sun sha laka tun daga Hashidu da Malala.

Na farko Malam Barde, tsohon direban tirela,
wanda ya haddace kowane rami daga Gombe har bakin teku.
Yau taku goma ne daga benci zuwa teburina,
sai da ya tsaya sau biyu ya nemo numfashi.
Ya ce, "'Yata, injin nan ya fara shan mai."
Na ɗaura abin awo a damtsensa, na matsa, na saurara.
Ɗari da tamanin.
"Baba, kana shan ƙwayar?"
Ya kwance bakin hula, ya zazzage mini su a tafi,
kowace an gutsure ta biyu da haƙori.
"Haka za ta kai ni ƙarshen wata."

Na juya na dubi kabad ɗinmu.
Ya san jariri, akwai rigakafi a sanyi.
Ya san mai ciki, ga gidan sauro, ga maganin ƙarin jini.
Madalla da wannan, ba na ƙorafi.
Amma tsoho in ya zo,
sai maganin ciwon jiki da "Allah ya sawwaƙe",
sai takarda zuwa babban asibiti,
kamar takarda ce ke biyan kuɗin mota.

Can wajen azahar jikarta ta jawo ta da bakin zane:
Goggo Dudu, ungozomar unguwarmu.
Rabin masu kasuwar nan ta hannunta suka faɗo duniya,
da mai shayi, da ɗan acaɓa, da limamin masallacin tasha.
Yanzu yana ta rufe idon da ya fara ganinsu,
suga ya ci ɗan yatsan ƙafa, miki ya ƙi rufe baki.
Ɗanta na Legas yana turo kuɗi ta waya, Allah ya yi masa albarka,
sai dai kuɗin waya ba ya riƙe kafaɗa
in za a zaga bayan gida da tsakar dare.

Na durƙusa ina wanke mikin da ruwan gishiri.
Ba ta ce wash ba.
Ta laluba fuskata da yatsu, goshi, hanci, haɓa,
ta yi dariya ba haƙori:
"Asabe ce, 'yar gidan Jauro.
Ke da ƙafa kika zo.
Dare guda na kwana ina lallashinki ki juya,
fitila ta mutu, na ƙarasa da hasken kara."

Na naɗe bandeji, hannuna yana rawa.
Wannan ne na ƙarshe a cikin akwati.
Gobe zan sake rubuta wa na sama,
kamar yadda na rubuta watan jiya:
a ba mu ma'aunin suga da ke aiki,
a turo likitan ido ko sau ɗaya a wata,
a ba ni man babur in bi waɗanda ƙafa ta ƙi kawowa.
Sun fi na kan benci yawa, na san ƙofofinsu.

Da yamma ina kulle taga,
gilashi ya nuna mini zare ɗaya fari a gefen ɗankwali.
Ban tuge shi ba.
An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.
Na share bencin, na gyara ƙafarsa da ta yi lako-lako,
na zauna a kai kaɗan,
don in ji yadda jira yake.